Kar ka sa mishi sufa gulu

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci tsohon gogen Turawa cikin kayan marigayi kakanka a Gusau, akwai takarda a cikinshi an rubuta Stradivarius, samanshi ya tsage, wai ka manne ne kuma yana da tsada? Kar ka manne, kuma kar ka sa rai da takardar nan. Shi Antonio Stradivari, shahararren mai ƙera gogen da takardar ke nufi, ya rasu tun 1737 a Italiya, daga baya masana'antun Jamus suka ƙera dubbai suna liƙa sunanshi ciki, aikin katakon ne ke nuna asali.

Da gam ɗin fatar dabba ake haɗa irin wannan gogen, wanda ruwan ɗumi ke narkarwa a sake gyara, sufa gulu kuwa in ya shige tsagar shi ke nan. Na ga yadda hunturun nan namu ke tsaga katako, to ka sassauta tsirkiyoyin kaɗan amma ba duka ba, don akwai ɗan itace tsaye a ciki wanda matsin tsirkiyoyin ke riƙewa, in ya faɗi wani aiki ne. Fentin ma kar ka kankare, wallahi darajarshi za ka zubar. Ɗauki hoton kan gogen, bayanshi da tsagar ka tura ma mai gyara tukun.