Kada ka yanke lilon

Ka tambaye ni kan hoton da Hajiyar nan ta Tudun Wada ta kawo, na 'ya'yanta a kan dokin ƙarfe mai juyawa ranar Sallah. Ka ce bayansa ya dushe, ko ka yanke yaran ka ɗora su a bango mai kyau, sannan ka yi masa laminatin. Yarona, kada ka yi ko ɗaya.

Matso ka duba bayan nan da kake shirin zubarwa. Ga lilo, ga rumfar mai yankan tikiti, ga rabin allon sunan wurin. Ta ce an rufe filin wasan tuntuni, ƙarafan ma an kwashe. Yaran sun girma, suna da hotuna barjat a waya. Wurin ne ba shi da mai shaida sai takardar nan. A Amurka an yi wani filin wasa, Dreamland, a Coney Island ta birnin New York. An buɗe shi 1904, gobara ta cinye shi 1911. Shekara bakwai kacal ya yi, amma har yau an san kamanninsa, saboda hotuna da katunan gaisuwa da mutane suka adana.

Laminatin kuwa zafi ne da gam, in ya kama ba ya saki. Ina yaron shago na yi wa hoton auren wata tsohuwa, bayan 'yan shekaru fuskokin suka ɓaci a cikin ledar, babu yadda za a ciro. Har yau abin yana damuna.

Jan da ka ga hoton ya yi ba datti ba ne, kada ka kai masa ruwa. Hoton kala rini uku ne, shuɗin ke riga gudu, sai ja ya rage. Kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, ka ɗauka a sikana da 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ka ajiye a TIFF, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto. Wannan kwafin ba a taɓa shi. Gyaran kala a wani daban za ka yi. In tana da nagetif, wato fim ɗin da aka wanko hoton daga gare shi, amma ka ji yana warin tsami, ya fara lalacewa, ware shi ka fara da shi.

In za ka tura mata ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, domin in a matsayin hoto ka tura, WhatsApp yana matse shi. Facebook kuma sai ta yarda, 'ya'yanta mata matan aure ne yanzu.

Idan ta zo karɓa, ka gaishe ta da kyau, ka tambaye ta shekarar, da sunan wurin, da nawa ake biya a ƙofa. Rubuta a bayan hoton da fensir, ban da biro. Sa mata shi a ambulan na takarda, ka ce ta ɗora a saman kabad, nesa da gara da laimar Agusta.