Ina ake ganin orka, kuma yana cin mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyo a Facebook, mutane cikin ƙaramin jirgin ruwa suna kallon wani ƙaton kifi mai baƙi da fari, wai shi orka. Ba ya cin mutane? Kuma in na je Legas zan gan shi? Daga mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baki ne ya saba ce masa kifi, amma haihuwa yake yi ya shayar, kamar ayu, kuma dole ya taso ya shaƙi iska ta wata kafa a tsakar kansa. Wannan tasowa ita ce abin da masu jirgi ke dako. Shi ne babba a dangin dolfin, wasu dabbobin teku masu shayarwa. Namiji kan kai mita 8, nauyi kusan tan 6, fiffiken bayansa kaɗai ya kai tsawon mutum.

Maganar cin mutane, kwantar da hankalinka. Ba a taɓa tabbatar da cewa orka ya kashe mutum a cikin teku ba, duk da Turawa na ce masa makashi saboda yana farautar manyan dabbobin ruwa. Sai dai tun 2020 wasu 'yan tsiraru a gaɓar Sifen da Fotugal suka tsiri taɓa abin juya akalar ƙananan jirage masu tafiya da iska, har wasu jiragen suka nutse, aka ceto mutanen ciki.

Legas kam kada ka ɗora rai. Abin da aka fi sani a tekun yankinmu shi ne kifin wel mai doro, wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, wanda ke zuwa haihuwa wajejen Gabon da Sao Tome daga Yuli zuwa Oktoba.

In ka taɓa zuwa Yankari, to ka riga ka san rabin karatun. Da rani ake ganin giwaye, lokacin da ƙishi ke tara su a bakin kogin Gaji, kuma ko a lokacin kana iya yini ka dawo da sawu kawai. Shi orka ciki ke ja masa gora. A arewacin Nowe, wajen Tromso, yana bin tarin ƙananan kifaye daga Nuwamba zuwa Janairu, cikin sanyin da hunturun Gombe ba ya ko kama ƙafarsa, ga rana da kyar take leƙowa. A mashigin Jibralta, tsakanin Sifen da Maroko, kifin tuna yake bi a Yuli da Agusta. Kusa da tsibirin Bankuba a Kanada ma ana fita kallonsa sosai, musamman daga Mayu zuwa Oktoba. Kamar giwaye kuma, tsohuwar uwa ke jagorantar garken, a wasu zuri'o'in ƙaton namiji ba ya rabuwa da mahaifiyarsa har ta mutu. Ni wannan ya fi girman jikinsa burge ni.

Jirgi ba ya kutsawa cikinsu. A ƙasashe da yawa doka ta ce a tsaya nesa da mita 100 ko fiye, a rage gudu. Saboda haka in direba ya ƙi matsawa, ba rowa yake maka ba. Ka ware kwana biyu ko uku maimakon fita ɗaya, ka riƙe tabarau mai hangen nesa, kuma tunda ba ka saba da igiyar ruwa ba, ka nemi maganin jiri da amai wajen likita kafin ka hau.