Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ke Sa Gwani Ya Ɓarar da Fenariti?

Tambaya: Malam, ɗan wasan da ake biya miliyoyi, kullum yana atisaye, ya tsaya mita 11 daga raga amma ya ɗaga ƙwallo sama. Rashin iyawa ne ko tsoro? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ba rashin iyawa ba ne. Roberto Baggio ne ya ɗauko Italiya har wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1994, shi ne kuma ya ɗaga ta sama a gaban Brazil. Da zarar shakka ta shiga zuciya, sai ɗan wasa ya fara sa ido a kan abin da ƙafarsa ta saba yi da kanta. Numfashi ya gajarta, tsokar cinya ta ɗaure, ido ya bar kusurwar da aka zaɓa ya koma kan gola, ƙwallo kuwa inda ido ya kalla take bi. Geir Jordet, masani ɗan Norway da ya daɗe yana nazarin fenariti, ya gano cewa masu rugawa su buga da jin usur sun fi zubarwa, don burinsu kawai su rabu da fargabar.

Dubi Asamoah Gyan a 2010. Ya daki sandar sama a mintin ƙarshe na wasan Ghana da Uruguay, bayan 'yan mintoci kuma shi ya fara fitowa daga ɓangaren Ghana a bugun raba gardama, ya zura ta. Mai yarda da kansa ma yana kuskure, sai dai kuskuren ba ya bin sa zuwa bugu na gaba.

Tambaya: Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17. Yaya zan gina musu ƙwarin gwiwa? Daga wani koci a Maraɗi.

Amsa: Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana tun 1977 cewa yarda da kai tana da tushe huɗu: nasarar da mutum ya taɓa samu da kansa, ganin na kusa da shi ya yi, kalaman ƙarfafawa, da yadda yake fassara bugun zuciyarsa. Na farkon ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Kirari yana zaburar da ɗan dambe, amma ba ya ƙara masa ƙarfin hannu.

Don haka, Malam koci, ka sa su buga fenariti a ƙarshen atisaye, lokacin da suka gaji, kowa ya tako shi kaɗai daga tsakiyar fili, sauran suna masa ihu. Ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya da adadin takun da ya saba, ya zaɓi kusurwa, ya ja dogon numfashi sau biyu bayan usur, kada ya sauya shawara a guje. Ka riƙa rubuta sakamakon kowa, domin yaro ya fi gaskata takarda a kan yabo. Irin wannan shiri Gareth Southgate, kocin Ingila a lokacin, wanda shi ma ya zubar a 1996, ya yi wa Ingila kafin ta doke Kolombiya a bugun fenariti a 2018.

Tambaya: Shin yarda da kai tana yin yawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙwarai, Malama, idan ta kai ga raina abokin karawa har a sassauta shiri. A Fabrairun 1990 a Tokyo, kusan babu wanda ya zaci Buster Douglas zai iya da Mike Tyson a damben boksin. Mutanen Tyson ko ƙarfen da ake danne kumburi da shi ba su zo da shi ba. Da idonsa ya kumbura, safar hannu ta roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna ɗora masa. Douglas ya kai shi ƙasa a turmi na 10.