Sunana Yana Littafin Ikkilisiyar Gida, Ni Kuwa Ina Jos

TAMBAYA: Baba Magatakarda, ina gaisuwa. Ni mutumin ƙasar Pankshin ne, can aka yi mini baftisma a ikkilisiyar COCIN (Church of Christ in Nations), har yau sunana yana littafin ikkilisiyarmu ta gida. Aiki ya kawo ni Jos, na daɗe a Tudun Wada da iyalina. Ran Lahadi mukan shiga majami'ar da ta yi mana daɗi, wannan mako nan, wancan mako can. Da muka sami ƙaruwa muka je a miƙa yaron ga Ubangiji, sai fasto ya nemi takardar canji daga gida. Babana ya ce in na ɗauke sunana na yar da gida ke nan, su wa za su binne ni? Zakkata da baikon godiyar kaka duk can nake aikawa. Dole ne sai na canja? Ashe ba Kristi ɗaya ba ne?
Mai karatu, Tudun Wada, Jos

AMSA: Ɗana, barka da ƙaruwa, Allah ya raya. Kristi ɗaya ne, babu musu. Amma je ka karɓo takardar.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin membobi, na san amfaninsa. Da shi dattawa suke gane wanda aka kwana biyu ba a gani a Jibin Ubangiji ba, su tura mutum ya dubo ko lafiya. Yanzu in zazzaɓi ya kwantar da kai a asibiti cikin dare, wa zai sani? Faston gida yana can nesa, ganinsa da kai sai Kirsimeti. Na Tudun Wada kuwa ya san fuskarka a kujerar baya, bai san sunanka ba. Ibraniyawa 13:17 ta ce shugabanni suna tsaron rayukanmu kamar waɗanda za su ba da lissafi. To, a cikin su biyun nan wa zai ba da lissafinka? Zumunta a ƙafa take, ƙafarka kuwa a Jos take.

Kada ka ɗauki takardar canji a kan wata ƙa'idar ofis da aka ƙago jiya. Da Afolos zai haye daga Afisa zuwa Akaya, 'yan'uwa suka rubuta wa almajiran can su karɓe shi, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:27. Bulus ma haka ya yi wa Fibi ta ikkilisiyar Kankiriya a farkon Romawa 16. Takardar shaida ce cewa an san ka, an yi maka baftisma, ba ka ƙarƙashin horo. Wannan na ƙarshen shi ne abin da wasu ba sa so a taɓo. Ban ce kai ba. Amma na ga mutanen da yawon majami'u ya zame musu mafaka: inda ba a san ka ba, ba mai tambayarka yadda kake zama da matarka, ba mai ba ka ajin Lahadi ka koyar, ba mai sa ka kwana gidan makoki. Waƙa da wa'azi kawai za ka sha ka kama hanya.

Mu ma masu riƙe da littafi muna da namu laifin. A wurare da yawa ba a tuna memba sai an zo kuɗin gini ko gudummawar taro, shi ya sa matasa suke jin kalmar memba kamar haraji. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan dattawa, ba dalilin zama baƙo har tsufa ba.

Maganar Baba kuwa, kada ka yi masa gardama, tsoronsa yana da tushe. Ya ga 'ya'yan maƙwabta sun tafi birni sun ɓace. Ka nuna masa cewa ba fita za ka yi ba. COCIN ɗin da ta samo asali daga 'yan mishan na Sudan United Mission (SUM) da suka sauka Wase a 1904 ita ce a ƙauyenku, ita ce a Jos, hedkwatarta ma a nan cikin gari take. Daga wannan littafi zuwa wancan kawai sunanka zai koma. Ranar da Ubangiji ya kira ka, bayan tsawon rai, ikkilisiyar Jos ce za ta cika mota ta raka ka gida, ta haɗu da ta ƙauye a bakin kabari. Na sha shiga irin motar nan. Wanda ba shi da ikkilisiya a birni, abokan aiki ne suke kai shi, su ajiye su juyo kafin la'asar.

Zakka, a ganina, ta bi inda kake cin abincin ruhaniya kowane mako. Baikon kaka da taimakon gini ka ci gaba da aikawa gida, ka ma ƙara in da hali, domin majami'un ƙauye sun rasa matasansu ga birni, nauyin ya koma kan tsofaffi.

In ka je gida, ka ɗauki Baba ku tafi wurin fasto tare, a rubuta takardar a gabansa, a yi muku addu'a. Kafin nan ku zauna da maiɗakinka ku zaɓi majami'a ɗaya kusa da gida, wadda za ku iya zuwa addu'ar tsakiyar mako da ƙafa. Ka tambaye ta tukuna, domin ina zaton ta riga ta san Zumuntar Matan da take so ta shiga.