Amsa kan sayen ulu da zaren kaɗi a Kumasi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambayi inda za ki sami ulu mai kyau a Kumasi domin saƙa wa jarirai huluna da safa, da kuma yadda za ki fara koyon kaɗi.

A kasuwar Kejetia za ki sami masu sayar da kayan ɗinki da zare, sai dai yawancin abin da ake kira ulu a nan akirilik ne, wato zaren roba, ba gashin tunkiya ba. Idan kina son tabbatarwa, ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga wuta: gashin tunkiya yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, auduga tana warin ƙonanniyar takarda, akirilik kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya taurare. A ganina, saboda zafi da gumin Kumasi, zaren auduga ya fi dacewa da fatar jariri, a bar mai kauri sai lokacin hunturu. Ki kuma sayi dukkan dunƙulen da aikin zai ci a lokaci guda, domin launi ɗaya yakan bambanta daga rini zuwa rini.

Batun kaɗi kuwa, auduga daga arewacin Gana take zuwa, kuma sai an gurje ta an cire gurya, an shiɓe ta, kafin ta hau mazari. Ki nemi tsofaffin mata a unguwar Zango ko Aboabo waɗanda suka taso da wannan sana'a, ki zauna kusa da su, ki riƙa shafa alli a yatsunki don zaren ya murɗu daidai.