Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Keke a Duwatsun Adar

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a nan Tawa, kowa da kekensa, muna son mu yi tafiyar kwana biyu ko uku lokacin hutu. Muna neman hanyar da ba motoci da yawa, mai tudu da kwari, kuma da abin tarihi da za mu gani. Ina za mu nufa? (Wani ɗalibi, daga Tawa)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da kuke nema yana bayan gidanku. Ku nufi gabas, wajen Keita. Daga Tawa tafiyar ta kai kilomita 70 da ɗan wani abu, kuma da kun yi nisa da gari ƙasar za ta sake kama: fako mai baƙin tsakuwa a bisa, sai gangara ta sauke ku cikin kwari mai itatuwa da gonakin albasa, sai kuma wani hawan. Tawa ba ta kai mita 400 bisa teku ba, amma wasu tuddan Adar sun haura mita 600.

Tarihin da ke kwarin Keita a jikin duwatsu yake rubuce. A 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin farfaɗo da ƙasar wurin da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan masu aiki da abinci, kuma mafi yawansu mata ne. In kun tsaya a gindin tudu ku ɗaga kai, za ku ga layukan duwatsu da aka jera sun zagaye shi hawa-hawa, da ramukan tare ruwa, da itatuwan da suka kama a inda da ƙasa ta mutu. Ku sauka daga keke ku taka zuwa wurin, ku ɗaga dutse ɗaya ku ji nauyinsa. Da ka aka ɗauko su.

In ƙarfinku ya kai, kwana na biyu ku wuce Buza, ku gangara kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro na kare iska tun 1975. Hanyoyin ƙauyukan nan jar ƙasa ce, wani wuri da kunya-kunya kamar an yi huɗa, don haka ku yi lissafin kilomita 12 a awa, har da ƴan tsaye-tsaye. Ke nan zuwa Keita wuni guda ne cikakke.

Lokacin da ya dace daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Amma ku san da iskar hunturu: daga arewa maso gabas take busowa, wato a zuwa tana gabanku, a dawowa tana bayanku. Da sassafe tana kwance, sai hantsi ta tashi. Ku fita da an sallame asuba, ku ci rabin tafiyar kafin ƙarfe 10. Wanda ya tsaya shan shayi har rana ta ɗaga, shi zai yi dambe da ita a kan fako, inda ba ko itacen da zai kare shi.

Ku riƙe katin ɗan ƙasa, ku sanar da gida inda za ku kwana, kuma duk ƙauyen da dare zai same ku ku fara gaida maigari, shi zai ba ku masauki. Arewacin jiha, wajen Tiliya da Tasara, ba wurin yawon shan iska ba ne saboda matsalar tsaro. Ko gabas ɗin ma ku tambayi jandarmomi halin hanya kafin ku tashi, kuma kada magariba ta same ku a daji.

Tambaya: Kekena irin na da ne, marar giya, mai birkin sanda. Zai hau waɗannan duwatsu, ko dole sai na sayi sabo? (Wani tela, daga Tawa)

Amsa: Malam, kada ka sayar da shi tukuna. Irin wannan keke yana da ƙarfi, matsalarsa lissafin haƙora ce. Yawanci farantin gaba yana da haƙori 44 ko 46, na baya 18. Ma'ana duk zagayen feda ɗaya ƙafar baya ta juya kusan sau biyu da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya daɗi gare shi, a hawa kuwa gwiwa ce ke biya. Ka kai wa mai gyara ya sauya na baya ya sa mai haƙori 22, ya ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu don ta kai. Gudunka zai ragu a fili, amma hawan zai yi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Inda tudu ya yi tsaye sosai ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne, manoman wurin ma haka suke yi.

Abin da ya fi damun mu da wannan keke shi ne birkinsa. Birkin sanda ba ya kamu sosai, kuma in ƙafar ta ɗan karkace sai ya riƙa kamawa yana saki. Kafin tafiya ka ɗaga keken ka juya kowace ƙafa: in tana lilo tana shafar robar birki a gefe ɗaya, a ɗaure wayoyinta a daidaita. In robar birki ta cinye har tsagin da ke jikinta ya ɓace, sa sabuwa.

In kuma za ka sayi mai giya, ko na hannu ne, ka ƙirga haƙora da kanka, kada ka tsaya ga fenti. Ka nemi wanda ƙaramin farantin gabansa yake da 28 ko ƙasa da haka, babban na baya 32 ko 34. Da wannan, zagayen feda ɗaya bai kai juyin ƙafa ɗaya ba, za ka hau a zaune da kayanka. Ka sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, kana sassauta ƙafa lokacin sauyawa. Sauya giya kana danne da feda da dukan ƙarfinka shi ke tsinka sarƙa ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da giyar baya.

A gangara ka ja jiki baya kan sirdi, ka kama birki biyu tare, ka matsa ka saki, ka matsa ka saki. In ka riƙe shi tun daga bisa har ƙasa, ƙarfen ƙafar zai yi zafi, robar ta yi santsi, wani lokaci har faci ya ɗago. Ka rage gudu kafin kwana, domin kama birkin gaba cikin kwana a kan tsakuwa faɗuwa ce. Kuma a ƙasan kusan kowace gangara akwai ƙorama mai rairayi: ƙafar gaba na nutsewa ciki keken zai tsaya cak, mai shi ya wuce ta kai. Ka isa wurin a hankali.

Tambaya: Duk fitar da na yi bayan gari sai na yi faci biyu ko uku. Taya ce ba ta da kyau? (Wani mai karatu, daga Yamai)

Amsa: Ka duba ramin, shi zai faɗa maka. In huda ɗaya ce ƴar ƙarama ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce, galibi tsidau ko ta aduwa. In biyu ne jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, dutse ya matse robar ciki da bakin ƙarfe. In kuma ramin ta ciki yake, wajen da ke kallon wayoyi, ƙyallen da ke rufe kawunansu ne ya goce ko ya yage.

Faci uku a rana ɗaya, sau da yawa ƙaya ɗaya ce ta yi su. An liƙe rami an maida roba, ita kuwa tana nan maƙale cikin taya. Kafin ka maida, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka dawo inda ka fara, ka zare ta da allura. Wajen facin ka goge wurin da sanfefa, ka shafa sholisho siriri, ka bari minti 5 har ya daina ƙyalli, sannan ka ɗora ka danne. Ɗorawa da ɗanyen sholisho ne ke sa faci ya tashi bayan awa guda.

Ga mutum mai kilo 70 da taya mai faɗin inci 2, iska mai matsin bar 2.5 zuwa 3 a ma'aunin iska ta isa a jar ƙasa, a kwalta 3.5. Wata dabara: ka tsaga tsohuwar robar ciki, ka yanke bakin famfonta, ka shimfiɗa ta tsakanin taya da sabuwar. Tana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau ba ya kaiwa. Kuma kada ka jingine keke ƙarƙashin aduwa ko farar ƙaya don neman inuwa. In dole ne, ka ɗauke shi a kafaɗa ka kai shi.

Tambaya: Ana ba ni labarin masallacin Yama. Za a iya zuwa da keke a dawo rana ɗaya? (Wata malamar makaranta, daga Tawa)

Amsa: Malama, mu dai shawararmu ki yi kwana biyu. Daga Tawa zuwa Badagishiri kaɗai ya kusa kilomita 50, Yama kuma tana gaba, cikin ƙasar Illela. Hanyar kwalta ce amma ita ce ta manyan motoci masu zuwa Ƙonni, don haka ki fita da sassafe, ki guji ranar Alhamis ta kasuwar Badagishiri, ki sa riga mai haske, kuma in kin ji babbar mota a bayanki ki sauka gefe ta wuce. Ki ɗaure bakin hijabi da zane, sarƙa da wayoyin ƙafa suna kama tufafi. A dawowa iskar hunturu tana gabanki.

Wahalar ta cancanta. Maginin garin, Falke Barmu, ya fara ginin a 1962 da ƙasa da itace, a 1975 aka sake rufin da baka da ƙubba, daga baya aka ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Ki nemi izinin limami ko maigari kafin ki shiga ko ki ɗauki hoto, kuma ki zaɓi lokacin da ba na salla ba. In da sauran lokaci, Illela ce mazaunin Sarkin Adar, gidan da ya samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a 1674.

Tambaya: Ruwa nawa zan ɗauka, kuma wane mai ya dace da sarƙa cikin ƙurar nan? (Wani matashi, daga Madawa)

Amsa: Ka yi lissafin rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, ko da sanyi ake, domin iskar hunturu tana busar da gumi kafin ka gan shi. Kada ka bar gari da ƙasa da lita 3, kuma ka cika a kowane famfo ko da gorarka ba ta ƙare ba. Gora ɗaya ta lita ka zuba mata sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. Dabino, ƙuli-ƙuli da fura sun isa guzuri. In ka ji jiri, ciwon kai, ko gumi ya tsaya, ka sauka a inuwa ka jiƙa kai da wuya. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a bar doguwar tafiya.

Sarƙa kuwa, kada ka sa mata baƙin mai na mota. Yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye ta da haƙoran duka. Kowace yamma ka goge ta da tsumma, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau 20, ka sake gogewa har wajenta ya bushe. Ka auna ta da ma'auni: daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga 24 gaba, sabuwa santimita 30.5 ce. In ta kai 30.7 ka sauya ta tun kana gida.