Tsibiri ya yi mini ƙunci, ina shan D5 don in samu barci: haukacewa zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 29, ina aiki a kicin ɗin wani otal a tsibirin Gozo na ƙasar Malta. Watannin farko lafiya lau, amma tun da sanyi ya shigo na rasa sukuni. Duk inda na nufa, tafiya kaɗan sai teku ta tare ni. Ƙirjina yana cushewa, ba na iya zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai faɗa. Mutanen gida sun ce kurciya aka yi mini. Wani abokin aikina ya ba ni D5, wata biyu ke nan ina shan guda biyu kowane dare, da safe kuma in haɗiyi tiramadol don in iya tsayuwar aiki. Yanzu ma sun daina yi mini. Na yanke shawarar watsar da su gaba ɗaya daga gobe. Don Allah haukacewa zan yi? Ko in tattara in koma gida?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai, shawarar nan ta watsar da ƙwayoyi gobe ka janye ta. A duk abin da ka rubuto, ita kaɗai ce za ta iya kai ka ɗakin gaggawa cikin makon nan. Zan dawo kanta.

Abin da ka kwatanta ba hauka ba ne, kuma ba hanyar hauka ba ce. Gozo tsawonsa wajen kilomita 14, faɗinsa wajen 7. Mutumin da ya tashi inda zai hau mota daga Katsina zuwa Funtuwa bai ga ƙarshen ƙasa ba, idan aka ajiye shi a nan dole jikinsa ya shaida. Ƙanƙantar wurin ba ita ce ta fi cin rai ba. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: ranaku sun zama iri ɗaya, fuskokin da kake gani a wurin aiki su ne a masauki su ne a kanti, sannan fita ba a hannunka take ba, tana hannun jirgin ruwa da iska da jadawalin aiki. An ga irin wannan a ma'aikatan da ke shafe lokacin sanyi a tashoshin bincike na Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. An kuma gan shi a gwajin da aka yi a Mosko daga 2010 zuwa 2011, inda aka rufe maza shida tsawon kwana 520: yawancinsu motsinsu ya ragu, barcinsu ya rikice, alhali zaɓaɓɓu ne masu cikakkiyar lafiya. Ka ƙara da cewa a Disamba rana tana faɗuwa a Malta kafin ƙarfe biyar, kai kuma kana cikin kicin ƙarƙashin fitila tun safe.

Batun kurciya ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Yadda masu faɗa suke faɗa, kurciya raba mutum take yi da gida ya manta da kowa. Kai kuwa gida kake kuka. Ka yi azkar ɗinka, ka yi addu'a, iyaye su sa albarka. Amma duk wanda ya ce ka turo Yuro a karya maka sihiri ta waya, albashinka ya hango.

Yanzu mu zo ga D5, wato ƙwayar diyazefam mai miligiram 5. Kuskuren da ke cika asibitoci kullum shi ne ɗaukar da mutane suka yi cewa wai wannan ɗan maganin barci ne mai sauƙi, ka sha lokacin da ka ga dama, ka bari lokacin da ka ga dama. Ba haka ba ne. Diyazefam yana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta zama haka nan, sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. Cikin mako biyu zuwa huɗu na sha kullum jiki ya fara sabawa, shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce mako huɗu. Kai ka yi takwas, miligiram 10 kowane dare. Abin da ka ce “sun daina yi mini” shi ne sabon ya kama. Idan ka janye maganin dare ɗaya, ƙaimin nan da ƙwaƙwalwa ta ƙara ba shi da mai tare shi: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, firgici da ya fi na farko, rashin barci na kwanaki, wani ya riƙa jin sauti ko ganin abin da babu, wani kuma ya faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Mugun abin shi ne ba ya zuwa nan take. Diyazefam yana daɗewa a jiki, abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi yakan kai kwana huɗu kafin rabinsa ya fita. Don haka mutum zai daina ranar Litinin, Talata da Laraba ya ji garau, ya ce ai ya rabu da shi, sai ƙarshen mako ko mako na gaba abin ya tashi. A lokacin babu mai tuna ƙwaya. Sai a ce aljanu ne, ko a ce ga kurciyar nan ta tabbata, a kama hayaƙi da rubutu, mutum yana jijjiga a ƙasa. Kai kuma a kicin kake, tsakanin tafasasshen mai da wuƙa.

Tiramadol ya ƙara dagula lissafin. Shi kansa yana jawo jijjiga, musamman idan an wuce miligiram 400 a rana, wani lokaci ma ƙasa da haka. A yanzu diyazefam ne ke rufe wannan haɗarin. Ka cire D5 ka bar tiramadol, ka buɗe wa jijjiga ƙofa biyu. Ka ci gaba da haɗa su kana ƙara yawa, su biyun suna rage numfashi, kuma haka ake kwanciya ba a tashi ba, balle in an ɗora giya ko kodin a kai. Sannan ba ka gaya mini miligiram nawa ne a jikin naka ba. Wanda hukuma ta amince da shi a Najeriya 50 ne da 100. Masu 200 da 225 da ke yawo a jakar matafiya ba ta asibiti suka biyo ba, kuma babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsu.

Abin haushin, maganin da aka ba ka don ƙunci shi ke ƙara ƙuncin. Diyazefam yana rage barci mai nauyi, ka tashi a gajiye. Tiramadol idan ya fara sakin jiki da yamma yana kawo rashin natsuwa, ƙafafu su ƙi zama, rai ya ɓaci. Sai ka ɗora wa tsibiri laifi, ka ƙara ƙwaya. Wani kaso na abin da kake ji yau ba na Gozo ba ne, na cikin aljihunka ne.

Abokin aikin naka ba lallai mugu ba ne, shi ma wani ne ya ba shi. Amma masu cika jaka da waɗannan ƙwayoyi suna rabawa a masaukin 'yan ci-rani, da masu kemis ɗin da ke sayarwa ba takarda a gida, su suka san abin da suke yi. Ka sani kuma riƙe diyazefam ba tare da takardar likita ba laifi ne a Malta, kuma irin laifin da kan taɓa takardun zama.

Ga abin da za ka yi. Daren yau ka sha adadin da ka saba, kada ka ƙara, kada ka rage. Gobe ka je cibiyar lafiya ta Victoria, babban garin Gozo, ko wurin likitan iyali, da kwalayen a hannunka, ka faɗi gaskiyar adadi da tsawon lokaci. Na san tsoron: kada a kai ka ƙara. Likita yana ƙarƙashin dokar riƙe sirri, aikinsa ya sauke ka lafiya. Yadda ake saukewa shi ne a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, a ƙara sassautawa idan an zo ƙarshe, kuma yawanci ba a janye magungunan biyu lokaci guda. Zai ɗauki makonni, wataƙila watanni. Kada ka yi wannan lissafin da kanka da reza kana fasa ƙwaya. Idan kuma likita ya kawo maganar maganin damuwa irin su sataralin, ka tabbata ya san da tiramadol, domin haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi, ruɗewa da sanƙarewar jiki.

Ka roƙi a duba jininka: makoƙo mai yawan aiki, ƙarancin jini, da bitamin D, wanda yakan yi ƙasa a masu baƙar fata lokacin sanyin Turai. Ka faɗa idan kana shan maganin amai irin metokulofiramaid, shi ma yana hana mutum zama wuri ɗaya. Ka lissafa kofi da lemon ƙarin kuzari da kake sha a bakin aiki. Gwangwani ɗaya ƙarami yana da wajen miligiram 80 na kafeyin, rabin abin da ka sha ƙarfe huɗu yana jikinka har ƙarfe tara. Bayan azahar ka bar su.

Shi kuwa ƙuncin kansa, maganinsa a ƙafa yake da agogo. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har ranar hutu. Asuba ta sauƙaƙa maka wannan. Da gari ya waye ka fita waje minti 30, ko da hadari, domin hasken waje ko a ranar gajimare ya ninka na ɗaki sau da yawa, kuma shi ke saita barcin dare. Tafiya mai sauri ta kai minti 150 a mako. Kada ka riƙa bin hanya ɗaya: yau Ramla, wani makon Dwejra, wani Xlendi, ka hau ganuwar Victoria inda ido ke kaiwa nesa. Bakin duwatsu masu tsayi da iyo kai kaɗai, ka bar su sai an gama sauke ka daga magani. Idan ƙirji ya cushe, ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, minti biyar, kuma kada ka gudu daga wurin, domin gudun ke koya wa jiki cewa akwai haɗari.

Abu mafi amfani shi ne fita ta dawo hannunka. Jirgin ruwa daga Mgarr, tashar Gozo, zuwa Cirkewwa da ke babban tsibirin Malta minti 25 ne, yana aiki dare da rana. Mai sauri zuwa Valletta, babban birnin Malta, wajen minti 45, sai dai shi ne farkon tsayawa idan iska ta tashi, don haka kada ka ɗora ranka a kansa da sanyi. Ka nemi hutunka ya faɗo Juma'a ko da sau biyu a wata, ka haye ka yi salla a babban masallacin Paola, ka ga fuskokin da ba na otal ba. Idan katin zamanka yana da rai, Sisili ta ƙasar Italiya tana ƙasa da awa biyu a jirgin ruwa daga Valletta. Ka sayi tikiti tun da wuri ka sa ranar a kalanda, sanin ranar kawai yana rage nauyi. Amma idan katin yana wurin sabuntawa, rasit ɗin da ke hannunka ba takardar tafiya ba ce, kada ka fita da shi ka maƙale a waje.

Komawa gida ba abin kunya ba ne, sai dai ba yanzu ake yanke ta ba. Mutumin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu da rashin barci ba ya auna abu daidai, kuma sabon zai bi ka har Katsina, inda ƙwayar ta fi arha. Ka bari a sauke ka, ka yi wata biyu ko uku a kan tsarin nan, bazara ta shigo. Idan har lokacin wurin bai karɓe ka ba, ka tafi da shiri, da kuɗinka da takardunka.

Akwai abin da ba ya jiran gobe. Idan ka yi jijjiga, ko ka ruɗe, ko abokan ɗaki suka kasa tashe ka, 112 za a kira, ka gaya musu haka tun yau. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ba sassauci, ko tunanin kashe kanka ya zo maka ko sau ɗaya, ka kira 1579, layin lafiyar ƙwaƙwalwa na Malta, kyauta ne kuma dare da rana. Shi ma abokin naka da ya ba ka D5, ka nuna masa wannan amsar, ku je asibitin tare.